Inci Biyu a Hannun Kwat

Lahadi, 4 ga Mayu

Ban san wa zan ba haƙuri ba, amma ina bayarwa. Ni ba mai rubutu ba ce. A aji ma, in aka ce wa zai karanta abin da ya rubuta, sunkuyar da kai nake yi har a wuce ni. Littafin nan kuma ba nawa ba ne, cikin sababbin littattafan awo na Baba na zaro shi. A yafe min ƙarfin halin.

Abin da ya sa: jiya a shago na ga wani abu, kuma ba ni da wanda zan gaya wa. Baba ya buɗe littafin awo, ya kai shi dab da hancinsa, ya nisantar da shi, ya karkata wajen hasken ƙofa. Can sai ya ce, "Auta, zo ki karanta min nan, hannuna duk alli." Na kalli hannun. Babu alli ko ɗigo.

Shekara talatin yana ɗinki. Umma ba ta sani ba, ina jin.

Talata, 6 ga Mayu

Malamar kwamfuta ta ba mu aikin ƙarshen zango. Kowa zai gina rumbun bayanai mai fom biyu, babba a sama, ƙarami a cikinsa daga ƙasa. Babban shi ake ce wa uwa, ƙaramin ɗa. In ka buɗe mutum ɗaya a sama, sai na ƙasa ya nuna abin da ya shafi wannan mutumin kaɗai. Ta ce dole a sami abu guda da ke ɗaure su, kuma ta rubuta a allo har da ja masa layi: kowace uwa a ba ta lamba, ɗa ya riƙe lambar uwarsa.

Rediyo, ƙawata da muke benci ɗaya, ta ce nata fom ɗin na samarin yayarta ne a sama, alƙawuran da suka saɓa a ƙasa. Ta ce tsoronta kada kwamfutar ta cika. Malama ta ji. Ta ce ta fito ta goge allo.

Ni tun kafin a tashi na san nawa. Masu kawo ɗinki a sama, awonsu a ƙasa. Da manyan haruffa.

Alhamis, 8 ga Mayu

Sau uku na buɗe baki kafin ta fito. Na ce aikin makaranta ne, ina neman aron littafin awo. Ban ce komai a kan ido ba.

Baba ya ce, "In na makaranta ne, ɗauka."

Mun ɗauko tsohuwar kwamfutar da Yaya ya bari lokacin da ya tafi karatu, muka ɗora ta kan ƙaramin teburin da ke bayan keken ɗinki, inda kwalin maɓallai yake. Mai gyaran agogo na shagon kusa ya leƙo ya ce, "Tela, an shiga zamani ke nan? Ita za ta riƙa zura maka zare?" Baba ya ce ai ta fi agogunansa, ita ko ba komai tana tashi in an kunna ta.

Asabar, 10 ga Mayu

Wuni guda ina bugawa. Wuyana.

Baba ba ya rubuta sunan mutum na yanka. Yadda yake kiran mutum haka yake rubuta shi. Malamin Lissafi. Mijin Ungozoma. Mai Tari. Ɗan Mai Burodi na Biyu. Akwai wani wai Bai Son Aljihu. Na yi ta dariya ni kaɗai. A gefen wasu sunayen akwai 'yan zane-zane ƙanana, da'ira, layi, tsuntsu. Hannu ne kawai ke wasa lokacin da ake hira, ina tsammani. Ban kwafe su ba, babu gurbinsu.

Ya zo ya tsaya a bayana, ya ƙura ido. Ya ce, "Wannan sha bakwai ɗin fa?"

Na ce lambar Mai Tari ce.

Ya ce, "Shekara ashirin ina yi masa ɗinki, ni na ɗinka rigar da ya je ganin likita da ita. Yau kuma ya zama sha bakwai?"

Bai yi faɗa ba. Ya koma kan keke. Amma na ji kunya, kamar na zagi baƙo. Na cire gurbin lambar gaba ɗaya, na ɗaure fom ɗin biyu da suna. Na gwada da mutum biyar, duka sun fito daidai. To mene ne amfanin lambar?

Laraba, 14 ga Mayu

Yana aiki. Na gama mutum ɗari da tara. Baba ya ce, "Mijin Ungozoma," na buga, na karanta masa ƙugu da tsawo kafin ya gama ɗaukar alli. Ya ce, "Af." Ya sake gwada ni da wani. Ya sake. Ya kira mai agogo ya zo ya gani.

Na ƙara girman haruffan har sau biyu. Duk da haka ni yake so in karanta. Wai muryata ta fi.

Yau ban ga ya karkata littafi wajen ƙofa ba.

Alhamis, 15 ga Mayu

Gwajin lissafi. Kada a tambaye ni.

Juma'a, 16 ga Mayu

Direba ya zo bayan na dawo daga makaranta. Mutum ne mai sanyin magana, yana ce min ƙanwata tun ina firamare. Wata takwas ba shi da aiki tun da aka sayar da motar da yake ja. Yanzu ya samu, zai riƙa tuƙa shugabar wata makaranta, kuma an ce ranar farko ya zo da kwat. Litinin ta sama, ashirin da shida ga wata.

Yadin a cikin leda biyu ya kawo shi. Ruwan toka mai duhu, in haske ya bugi gefensa sai ya ɗan yi shuɗi. Yayarsa ce ta aiko masa daga nesa da ta ji labarin aikin. Baba ya murza shi tsakanin yatsu ya ce irinsa babu a kasuwar nan, kuma cif-cif ne, ba rarar da za a yi wasa da ita.

Direba ya miƙe ya buɗe hannuwa don a auna shi. Baba ya ce, "Zauna, ɗana. Awonka na cikin na'ura. Auta ce ta zuba."

Yadda ya faɗe ta. Na sunkuyar da kai, amma daɗi har cikin kunnena.

Asabar, 17 ga Mayu

An yanka kwat.

Na buɗe Direba a sama. A ƙasa layi uku suka fito. Na ɗauki na sama, shi ne mafi sabon kwanan wata, watan Janairu. Kafaɗa sha takwas, ƙirji arba'in, Baba yana gyaɗa kai yana jan alli. Na ce hannu ashirin da huɗu.

Ya tsaya. "Ashirin da huɗu? Kamar dai hannun yaron nan ya fi haka."

Na ce, "Haka yake a rubuce, Baba."

Ya ɗan jima riƙe da alli. Sai ya ce, "To. Ke ce mai ido." Ya ja layi, ya sa almakashi.

Ina son ƙarar almakashin Baba a kan tebur. Ba ya tsayawa a tsakiya.

Talata, 20 ga Mayu

Kwat ta haɗu, saura maɓallai. Umma ta shigo kawo wa Baba ruwa, ta ce wannan ko ango sai haka.

Laraba, 21 ga Mayu

Ban san ta inda zan fara ba.

Direba ya zo gwaji. Kafaɗa ta zauna, baya ya zauna. Ya sauke hannuwa. Wuyan hannunsa duka a waje, har agogo, har wani tsohon tabo da ke sama da agogon. Ya miƙa hannu gaba kamar ya riƙe sitiyari, sai hannun kwat ɗin ya ƙara gudu sama.

Mai agogo da ya shigo da wasa a bakinsa ya juya ya fita.

Direba ya ce, "Ba komai, Baba. Sai in riƙa naɗe hannu." Ya yi ƙoƙarin dariya.

Baba ya auna hannun kwat, ashirin da huɗu daidai, yadda na faɗa. Ya ce, "Yanka bai yi kuskure ba. Ashe tun awon Janairu ne. Tef ɗin ma ban iya karanta shi ba, na rubuta abin da ba shi ba." Ya ce wa Direba ya bar ta zuwa Asabar, ya yi masa afuwa. Baba yana ba sa'an ɗan cikinsa haƙuri har sau uku.

Da Direba ya tafi, ya goge almakashin da ƙyalle, ya naɗe shi, ya sa a aljihun tebur na ƙasa, wanda ba a buɗewa. A tsakar gida na ji yana gaya wa Umma komai, har maganar hazon da yake gani. Ya ce wanda ba ya ganin tef ba shi da hurumin taɓa yadin mutane. Ƙarshen wata zai mayar wa mai shagon mabuɗinsa.

Umma ta ce, "Ka zauna gida ka yi me, ka ƙirga min cokula?" Amma muryarta ba ta wasa ba ce.

Alhamis, 22 ga Mayu

Na kasa cin abinci a makaranta. Da na dawo Baba ba ya shago, sai na buɗe kwamfuta. Layi uku a ƙarƙashin Direba. Biyu na ƙasa, hannu ashirin da shida. Na sama, ashirin da huɗu. Ranar Asabar ban ko kalli na ƙasan ba.

Na ɗauko littafin. Shafi na sha ɗaya, Direba, da 'yar da'ira a gefe, awo biyu. Shafi na sittin da uku, Direba, da dogon layi a gefe, awo ɗaya, watan Janairu.

Da'irar sitiyarin ƙaramar mota ce. Dogon layin babbar mota. Na tuna shi, wani mai jan motar kaya da ya zo sau ɗaya, jikinsu kusan ɗaya, sai dai shi hannunsa gajere. Mutum biyu ne. Ni da kaina na buga su, ɗaya da safe ɗaya da la'asar, ban lura ba. Fom ɗin ƙasa suna kawai na ce ya duba, shi kuwa ya kwaso duk wanda ake ce wa Direba ya jera min.

Baba bai yi kuskure ba, ko a Janairu ko a ina. Har ya faɗa. Ya ce kamar hannun ya fi haka. Ni na ce masa haka yake a rubuce.

Na rufe littafin na mayar inda yake. Ya shigo ya ce me nake yi. Na ce ba komai.

Ba komai. Haka na ce.

Juma'a, 23 ga Mayu

Na jira kowa ya fita daga ɗakin kwamfuta, ban da Rediyo da ba ta san fita ba. Na ce wa Malama, a misali, in wata ta ɗaure fom biyu da suna, kuma aka sami mutum biyu masu suna ɗaya.

Ta ce, "A misali, me ya lalace?"

Na yi kuka. Ban so ba. Na faɗa mata duka.

Ba ta ce ai na rubuta a allo ba. Ta jawo kujera, muka buɗe kwafin da nake yawo da shi. Muka mayar da gurbin lamba a sama, wadda na'ura ke bayarwa da kanta, ba ta maimaitawa. Muka buɗe irinsa a ƙasa, muka ɗaure su da shi. Na sa wa layukan Direba lambar mai su, ɗaya bayan ɗaya. Na buɗe na farko, layi biyu. Na buɗe na biyu, layi ɗaya. Ta nuna min yadda ake ɓoye lambar, na'ura na ganinta, mutum ba ya gani. Da na san haka tun farko.

Ta ce, "Wannan gyaran minti goma ne. Ɗayan gyaran ba a nan ake yin sa ba."

A hanya Rediyo ta ce in ina so ita za ta je ta faɗa wa Baba, ai magana ba ta yi mata wuya. Ta ce za ta ma ƙara gishiri, ta ce wutar lantarki ce ta hargitsa. Na ce a'a. Ta ce, "To ki faɗa kafin tsohon nan ya koma sayar da zare."

Asabar, 24 ga Mayu, da safe

Na kai masa ruwa da niyyar faɗa. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Auta, kin yi iya naki." Na fito da kofin.

Malamin Lissafi ya kawo yadi, Baba ya ce ya kai wani wajen.

Asabar ɗin dai, da yamma

Rubutun zai yi muni, a yi haƙuri.

Direba ya zo karɓar kwat a yadda take. Baba ya ninke ta, yana sa ta a leda, yana cewa, "Tsufa ne, ɗana, ba ya sallama." Mai agogo na bakin ƙofa. Umma na zaure.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Ba tsufa ba ne. Ni ce."

Muryar ta fito da ƙarfi fiye da yadda na nufa. Duk suka juyo. Na ɗauko littafin, na buɗe shafi biyun, na riƙe da yatsu. Na ce Direba biyu ne, na ce da'ira da layi, na ce na cire lamba, na ce awon wani na karanta. Na ce tun ranar Alhamis na sani. Wannan ta ƙarshen ita ta fi wuyar fita.

Baba bai kalle ni ba. Ya ce, "Karanta min na shafi sha ɗaya."

"Hannu ashirin da shida."

"Rubutun wa?"

"Naka."

Ya ciro tef daga wuyansa ya ce wa Direba ya miƙo hannu. Ya ɗora daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, ya danne da babban yatsa, bai duba ba. Ya ce, "Ashirin da shida." Ya juyo min da tef ɗin. Na duba. Na ce haka ne.

Mai agogo ya ce, "To, Tela, ashe injin lafiya lau, gilashin ne ya yi datti."

Direba ya ce, "Ƙanwata, ni na taɓa kai fasinja wani gari daban, kuma yana barci har muka isa." Ban iya dariya ba, amma na gode masa a raina.

Baba ya durƙusa ya jawo aljihun tebur na ƙasa. Ya ce wa Direba ya bar kwat ɗin, ya dawo gobe da la'asar.

Kafin ya fara aiki ya ɗauki wani ragowar yadi ya lulluɓe kwamfutar. Da ya yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Lahadi, 25 ga Mayu

Mu uku a shago. Umma tana farke ɗinkin bakin hannu, ni ina tattaro guntayen yadin daga kwandon shara, har wanda bai kai tafin hannu ba. Lanƙwasar ciki ta ba da inci ɗaya. Ɗayan incin Baba ya fitar da shi daga guntaye huɗu, ya yi wa kowane hannu baki mai naɗi, ya bi da zare har sai ka san wurin kafin ka ga haɗin. Ni nake zura masa allura. A fili ya miƙo min ita, ya ce, "Ba na ganin ramin."

Direba ya sa, ya miƙa hannuwa gaba. Agogon ya ɓuya. Ya ce a kawo masa madubi babba.

Maganar da Baba ya yi min yau duka: zare, alli, matsa daga haske.

Litinin, 26 ga Mayu

Wata farar mota ta yi ham sau biyu a ƙofar shago da safe, Direba ne a ciki da kwat ɗinsa. Umma ta ce Alhamis za su je asibitin ido. Ba a sake maganar mabuɗi ba.

Laraba, 28 ga Mayu

Yau aka nuna ayyuka a aji. Malama ta ce wa zai fara. Wai ni na ɗaga hannu, in ji Rediyo. Ni dai na ga kaina a gaban allo. Na fara nuna musu na farko, mai layi uku, na ce su gano abin da ya lalace. Ba wanda ya gano sai da na faɗa. Wata ta yi tambaya, na amsa, wata ta sake yi. Ba wani abu ba ne, mutum talatin ne kawai, kuma duk na san su.

Na ƙara gurbi ɗaya a fom ɗin sama, na sa masa suna Alamar Baba. Da'ira, layi, tsuntsu. Akwai guda sha huɗu a littafin da ban san ma'anarsu ba, kuma ba zan yi hasashe ba.

Kwamfutar na nan a lulluɓe. Har an ɗora kwalin maɓallai a kai.

Na sami Baba yana dasa maɓalli a wandon Malamin Lissafi, wanda jiya Baban ya aika aka karɓo yadinsa. Na tsaya a gabansa, ba a baya ba. Zare ne a bakinsa yana shirin tsinkewa, don haka na samu na kai ƙarshen maganata ba a katse ni ba.

Na ce, "Baba, in ka yarda, ina so in sake rubutawa. Daga shafin farko. Kai ka faɗi ko waye, ni in buga. In ka ce kamar ba haka ba ne, in tsaya."